Yadda Ake Wanke Injin Mota Ba Tare da Lalata Kayan Wutarta Ba

Duk motar da ta sha hanya a watannin hunturu, idan ka ɗaga bonet za ka tarar ƙura ta haɗu da baƙin man da ke tsatsowa daga wani wuri, sun daskare a jikin inji har ba a gane launin ƙarfen. Wannan datti yana ɓoye yoyo, man da ke cikinsa yana sa robobi da tiyo su yi laushi su kumbura, busassun ganyaye da tarkacen da ɓera ya tara kusa da salansa kuma suna iya kama wuta. Duk da haka mutane da yawa suna tsoron wanke inji, kuma suna da hujja, domin sun sha ganin motar da ta shiga wurin wanki da ƙafarta ta fito ana turawa. An ƙera inji ne yadda zai jure feshin ruwan sama da na kududdufi, saboda haka ruwa kaɗai ba ya kashe shi. Abin da ke jawo ɓarna shi ne zuba ruwa a kan inji mai zafi, da harba ruwa mai ƙarfi cikin soket, da gaggawar tayar da mota kafin ta bushe.

Kayan aiki

Za ka buƙaci maganin narkar da maiƙo wanda aka yi domin inji, irin wanda ake sayarwa a shagunan kayan mota, kuma wanda ake sirkawa da ruwa ya fi sauƙin sha'ani ga mai koyo. Idan ba a samu ba, sabulun ruwa na wanke kwanuka a cikin ruwan ɗumi yana aiki, sai dai zai buƙaci ƙarin guga. Ka tanadi kwalbar feshi, da buroshin fenti mai faɗin inci biyu, da tsohon buroshin haƙori domin lunguna, da buroshi mai tauri domin ƙarfe. Sai tsummokaran auduga masu yawa, da ledoji marasa huji, da robar ɗaure kuɗi ko selotef, da sifana mai lamba 10 wadda ita ce ke kwance kan batir a yawancin motocin Japan. Ruwan ɗauraya kuwa, bokiti biyu da buta sun isa, ko tiyo mai fitar da ruwa a hankali. Domin kare jikinka ka sa safar hannu ta roba da tabarau, sannan ka ajiye abin kashe gobara a kusa, ko aƙalla bokitin yashi.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a nisanta su da wannan aiki. Na farko fetur, wanda wasu ke wanke inji da shi saboda yana cire mai nan take. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan inji da ƙarƙashin mota, kuma tartsatsi ɗaya daga waya ko daga sigarin mai wucewa ya isa ya tayar da gobara. Na biyu soda irin ta haɗa sabulu, domin tana cin alminiyam, alhali kan silinda da lagireto da sassa da yawa na motocin zamani da alminiyam aka yi su. Na uku injin wanki mai harba ruwa da ƙarfi, wanda ya dace da taya da ƙarƙashin mota, amma a cikin inji yana tura ruwa ya wuce robar da ke toshe bakin soket, ya shiga inda ba zai fito da wuri ba.

1. Zaɓen wuri da lokaci

Lokaci mafi dacewa shi ne da safe, motar ta kwana ba a tayar ba, ga kuma yini a gaba da za ta bushe. Idan tilas sai ka tuƙa ta zuwa wurin wankin, ka kashe ta, ka ɗaga bonet, ka ba ta aƙalla sa'a ɗaya. Ma'aunin shi ne ka iya ɗora tafin hannunka a saman inji ka bar shi ba tare da ka ji ƙuna ba. Ruwan lagireto na injin da ke aiki yana kaiwa kusan digiri 90 a ma'aunin Salshiyos, bakin salansa da ke manne da inji kuma ya fi haka zafi nesa ba kusa ba, kuma ruwan sanyi a kan ƙarfe mai irin wannan zafi yana iya tsaga shi. Ɗan ɗumi ba laifi ba ne, yana ma taimaka wa mai ya yi laushi.

Ka ajiye motar a inuwa, a fili mai iska, nesa da murhu da janareto. Ka shimfiɗa kwali ko ka zuba dusar katako ko yashi a ƙarƙashin injin domin ya tsotse ruwan maiƙon da zai zubo, daga baya ka kwashe. Kada ka bari wannan ruwa ya bi kwata ya shiga unguwa, ko ya kwanta kusa da rijiya ko wurin da dabbobi ke sha.

2. Dubawa kafin a taɓa komai

Ka ɗauki hoton injin da wayarka ta fuska biyu ko uku, domin idan wani tiyo ya zare ko soket ya fita za ka san inda yake. Sannan ka lura da wuraren da mai ya fi jiƙawa, saboda bayan wanki alamar za ta ɓace. Ka bi wayoyi da ido. Idan ka ga wayar da ɓera ya ci, ko wadda mai riwaya ya haɗa ya bar ta tsirara, ka naɗe ta da tef ɗin wuta tun yanzu. Ka tabbatar murfin baƙin mai, da na man birki, da na man sitiyari duk a ɗaure suke, sandar auna mai kuma ta zauna har ƙasa. Man birki yana zuƙar ruwa, kuma idan ruwa ya shiga cikinsa birkin zai iya rage kamawa lokacin da ya ɗauki zafi, saboda haka murfinsa ba abin wasa ba ne.

3. Cire batir

Ka zare makulli daga mota, sannan ka kwance kan batir mai alamar ragi, wanda yawanci wayarsa baƙa ce, ka kawar da shi gefe inda ba zai dawo ya taɓa batir ba. Dalilin fara cire wannan ɓangaren shi ne, jikin motar gaba ɗaya a haɗe yake da shi. Idan ka fara da mai alamar tarawa, sifanarka kuma ta taɓa ƙarfen mota, wuta za ta yi tartsatsi mai ƙarfi da zai iya ƙona hannu ko ya fasa batir. Cire batir yana kuma hana fankar lagireto tashi da kanta, domin a wasu motoci takan kunna kanta ko da an kashe inji.

Ka sani cewa agogo zai koma farko, kuma rediyon wasu motoci, kamar tsofaffin samfuran Honda, yana neman lambar sirri bayan an mayar da batir. Ka nemo lambar tukuna. Idan kan batir ya yi farin gari ko kore-kore, ka jiƙa babban cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwa, ka goge da buroshin haƙori har ya daina kumfa. Inda babu bekin soda, tataccen ruwan kanwa yana kashe kaifin asid ɗin. Kada ko ɗaya ya shiga cikin ramukan batir.

4. Share busasshen datti

Kafin ruwa ya taɓa wurin, ka kwashe ganyaye da ledoji da hannu, ka kakkaɓe ƙura da buroshin fenti. Ka ba da kulawa ga kwarin da ke ƙasan gilashin gaba, domin akwai ramukan da ruwan sama ke bi ya fita, kuma idan suka toshe ruwa yakan shiga cikin mota da damina. Inda mai ya yi kauri sosai, ka kankare shi da ɗan katako ko roba mai tauri. Duk abin da ka cire a bushe ya rage maka taɓon da za ka yi fama da shi daga baya.

5. Rufe kayan wuta

A nan ne aikin yake, kuma wanda ya yi wannan mataki da kyau ya gama da rabin haɗarin. Ka fara da altaneta, wadda ke cajin batir. Jikinta a buɗe yake domin shan iska, saboda haka sabulu da ruwa suna shiga kai tsaye su sami waya da boris. Ka sa mata leda ka ɗaure da roba. Sai akwatin fiyus, wanda ko da yana da murfi, murfin tsohuwar mota ba ya kamawa sosai. Sai ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke kira birenbos. A wasu motoci tana cikin ɗaki bayan dasbod, a wasu kuma tana cikin inji kusa da batir ko matatar iska, ga ta da manyan soket masu wayoyi da yawa. Idan a cikin inji take, ka naɗe ta sosai, domin tana cikin sassa mafi tsada a motar.

Bakin da inji ke shaƙar iska shi ma dole a toshe shi. Ruwa ba ya matsuwa yadda iska ke matsuwa, saboda haka idan ruwa mai yawa ya shiga silinda aka tayar da inji, yana iya lanƙwasa kwanrod, wanda gyaransa sai an sauke inji. Ka cusa leda a bakin ka ɗaure, kuma ka ajiye wata alama a kan sitiyari da za ta tuna maka ka cire ta.

Ɓangaren fulogi ya danganta da irin motarka. Motoci irin su Toyota Corolla daga samfurin 2003 zuwa sama suna da koyil ɗaya, wato abin da ke ba fulogi wuta, a kan kowane fulogi, fulogin kuma yana can ƙasan rami mai zurfi. Idan robar bakin ramin ta tsufa, ruwa yakan gangara ya taru a ciki, kuma wannan shi ne dalilin da ya fi yawa na motar da ke karkarwa bayan wanki. Ka shimfiɗa leda a kan layin koyil ɗin gaba ɗaya, wurin kuma daga baya ka goge shi da tsumma kawai. Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 da yawancin Golf 3 suna da distirbuta mai raba wa fulogi wuta, wadda raɓa kaɗan a cikin murfinta ke hana mota tashi, saboda haka ita da koyil ɗinta a rufe su, haka ma kafireta idan akwai. Idan an mayar da motar mai amfani da iskar gas, ka rufe bawul ɗin tukunyar, ka naɗe ƙaramar ƙwaƙwalwar da aka ƙara mata da soket ɗinta. Duk wani abin da aka ƙara bayan fitowar mota daga kamfani, kamar ƙararrawar ɓarayi ko ƙarin fitilu, ka ɗauka cewa haɗinsa ba ya jure ruwa.

6. Fesa magani da gugewa

Ka fara jiƙa fentin gefen mota da ruwa, domin idan magani ya fantsama a kai kada ya bar tabo. Sannan ka raba injin kashi-kashi, ka yi ɗaya bayan ɗaya. Ka fesa maganin daga ƙasa zuwa sama a ɓangaren da ka zaɓa, ka bar shi minti uku zuwa biyar, ka bi shi da buroshi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fesa wa injin gaba ɗaya a lokaci guda, kafin a kai ƙarshe farkon ya bushe, ya bar farin tabo a alminiyam da roba wanda fitarsa ke da wuya. Idan ka ga wuri zai bushe, ka ɗan yayyafa masa ruwa.

Buroshi mai tauri na ƙarfen inji ne da jikin giyabos. Robobi da tankunan ruwa da murfin inji kuwa buroshin fenti ya ishe su. Kusa da soket da sensa, ka fesa maganin a jikin tsumma ka goge, kada ka fesa kai tsaye. Ka kiyaye fambel, domin magani ko mai a kansa yana sa shi santsi da ƙara. Kada ka ja waya ko ƙananan tiyon iska don ka kai ga wani lungu, saboda robar da ta shekara goma tana shan zafin inji takan karye da ɗan taɓawa. Inda mai ya ƙi fita, maimaita fesawa da guga sau biyu ya fi ƙara ƙarfin magani. Idan ba ka da komai sai kalanzir, ka ɗiga shi a tsumma ka goge ƙarfe zalla da shi, ka bi da ruwan sabulu nan da nan, kada ya taɓa roba ko waya.

Cikin bonet ma yana buƙatar guga, amma idan akwai bargon da ke tare zafi a manne da shi, kada ka jiƙa shi, domin yana shan ruwa ya yi nauyi ya saki.

7. Ɗauraya

Ruwan ya zama mai zuba a hankali, kamar wanda ake yi wa shuka bayi da shi. Ka fara daga baya kusa da gilashi ka taho gaba, daga sama zuwa ƙasa, kana karkatar da ruwan daga wuraren da ka rufe. Buta ta fi tiyo a hannun mai koyo, saboda tana ba shi ikon zuba ruwa daidai inda yake so, kuma ba ta barinsa ya yi ambaliya. Leda kariya ce daga fantsama kawai, ba za ta hana ruwan da aka tsaya ana kwarara mata ba.

Lagireto yana son kulawa ta daban. Ƙura da ƙwari da ƙaiƙayi suna toshe siraran ƙarafunansa, wanda hakan ke sa mota zafi a watannin Maris da Afrilu. Ka zuba ruwa daga ɓangaren inji zuwa waje, wato akasin hanyar da dattin ya shigo. Kada ka sa buroshi mai tauri ko ruwa mai ƙarfi, domin ƙarafunan suna lanƙwashewa su rufe hanyar iska.

8. Busarwa

Wannan mataki ya fi wankin kansa cin lokaci, kuma a nan ne masu gaggawa ke faɗawa matsala. Ka fara tsane duk inda hannunka ya kai da busasshen tsumma, musamman kwarurrukan da ruwa ke kwanciya a saman inji da kan giyabos. Ka cire ledojin a hankali, kana naɗe su ta yadda ruwan da ke kansu zai zuba waje, kada ya zuba a kan abin da suka rufe. Ka ƙirga su, adadin da ka sa shi za ka cire, kuma ta bakin shaƙar iska ita ce ta farko.

Iska mai ƙarfi ita ce ke fitar da ruwa daga soket da lunguna. Idan kana da abin hura iska na lantarki, to. Idan babu, ka yi wankin kusa da mai faci tun farko, ka biya shi ya hura maka da kwamfaresa, amma ya tsaya ɗan nesa da soket, kada iskar ta ƙara tura ruwan ciki. Wanda bai sami ko ɗaya ba, sai ya bar bonet a buɗe a rana na sa'o'i biyu zuwa uku. Da hunturu iska busasshiya ce, aikin yana sauri. Da damina kuwa a ƙara lokaci.

Kafin ka mayar da batir, ka kwance koyil ɗaya ko biyu ka haska ramin fulogi da tocila. Idan ka ga ruwa, ka hure shi ko ka naɗa tsumma a siririn kara ka tsane shi, kuma kada ka kwance fulogin alhali ruwa na kewaye da shi, domin zai gangara cikin silinda. Mai distirbuta ya buɗe murfinta ya goge cikinsa.

9. Mayar da batir da tayar da inji

Ka mayar da kan batir ka ɗaure shi yadda ba zai juya da hannu ba, ka shafa masa ɗan basilin domin hana tsatsa. Ka duba cewa babu tsumma ko sifana kusa da fanka da fambel. Ka tayar da motar ka bar ta a silo minti goma zuwa goma sha biyar, bonet a buɗe, kana saurare. Ɗan tururi daga salansa da ɗan ƙarar fambel na minti ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Silo ma yakan ɗan hau ya sauka bayan cire batir, har ƙwaƙwalwar motar ta sake daidaita kanta.

Idan injin yana karkarwa, ko fitilar gargaɗin inji tana ƙyaftawa, ka kashe shi. Kada ka bi shawarar masu cewa a taka totur ruwan zai ƙone, domin fetur ɗin da bai ƙone ba yana wucewa cikin salansa ya lalata matatar hayaƙi. Ka koma ramukan fulogi da soket ɗin koyil, ka cire su ɗaya bayan ɗaya ka busar. Feshin WD-40 kaɗan yana korar ruwa daga murfin distirbuta da wayoyin fulogi. Idan motar ta ƙi tashi sam, kada ka yi ta murza makulli har batir ya mutu. Ka ba ta ƙarin sa'o'i a rana, idan ba ta canza ba ka kira mai riwaya, ka gaya masa gaskiyar cewa wanki aka yi, domin ya san inda zai fara dubawa.

Lokacin da bai kamata a zuba ruwa ba

Akwai motocin da ni ba na ba da shawarar a ɗauraye su ko kaɗan. Motar da wayoyinta suka sha haɗe-haɗe, da wadda soket ɗinta suka farfashe, da mai haɗa fetur da lantarki irin su Toyota Prius, duk wankin tsumma ya fi musu. A irin Prius za ka ga wayoyi masu kauri launin ruwan lemo, waɗanda ke ɗauke da wuta mai ƙarfin da za ta iya kashe mutum, saboda haka ba a cire su, ba a jan su, ba a jiƙa su. Wankin tsumma shi ne a cire kan batir na yau da kullum kamar yadda aka bayyana, a share ƙura, a fesa magani a jikin tsumma a goge ɓangare-ɓangare, a bi da wani tsumma mai ɗanshi, sannan busasshe. Yana ɗaukar lokaci, kuma ba ya kaiwa can ƙasan inji, amma yana fitar da mafi yawan dattin da ke sama.

Bayan wanki

Wasu masu wanki suna shafa wa robobin inji baƙin mai ko dizal ko man birki don su yi sheƙi. Kada ka yarda da wannan. Mai yana kama ƙura, cikin mako guda injin zai fi da datti, man birki kuma yana cin fenti. Idan kana son sheƙi, akwai man gyaran roba da aka yi domin haka, a shafa shi da tsumma, a nisanta shi da fambel.

Bayan kwana biyu ko uku kana hawa motar, ka ɗaga bonet da tocila ka koma wuraren da ka gani a jiƙe tun farko. Yanzu da ƙarfen ya fito fes, sabon mai zai nuna ainihin inda yake fitowa, ko gasket ɗin murfin saman inji ne, ko tiyon man sitiyari, ko gindin matatar mai. Ka tuna cewa mai yana gangarowa ƙasa, iskar tafiya kuma tana tura shi baya, saboda haka ka bi sawunsa zuwa wuri mafi tsawo kuma mafi gaba da ya jiƙe, nan ne za ka nuna wa makanike. Wankin ruwa sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar, kuma ƙarshen hunturu ne lokacin da ya fi dacewa. Tsakanin haka, duk ranar da aka canza baƙin mai ka bi saman injin da tsumma mai ɗanshi, ka goge man da ya zuba a gefen murfi kafin ƙura ta same shi.